Rajistar Akurki

Shekara talatin da biyu ina kiran suna a aji,
da na ajiye alli sai na rasa mai amsa mini.
Tasalla ta ce, "Malam, zamanka ya ishe ni,
ga bayan ɗaki can, je ka nemi abin yi."
Na haɗa akurki da langa-langa da karan dawa,
na sayo rajista mai jan bango,
don ban iya riƙon mai rai ba sai a kan layi.

Lamba ɗaya Wake-wake, gadon gyatumata,
ta fi ni sanin lungunan Daura.
Lamba biyu Fingi, kullum kamar ta fito daga dambe.
Uku da huɗu farare ne 'yan gidan gona,
ci kamar gara, tafiya kamar an roƙe su.
Sai wata baƙa da ta shigo ran Laraba,
ba a zo cigiya ba, ni ma ban yi shela ba.

Ran Lahadi na hau mota sai Mai'aduwa,
na dawo da jan zakara, ƙirji kamar ƙwarya,
ya lashe mini kashi ɗaya cikin ukun fansho.
Na raɗa masa Manita.
Na zauna da biro na ja kibiya:
wannan da waccan, waccan da wannan,
jikoki za su zo manya, ƙwai kamar na agwagwa.

Kwana ashirin da ɗaya Wake-wake na kwanci,
in na leƙa ta kumbura, ta kai mini sara.
Ranar ƙyanƙyasa na zo da tabarau.
Tara suka fito.
Bakwai gajerun ƙafa, ciki na sharar ƙasa.

Na ɗaga kai. A bisa katanga
ga durgun Malam Barmo, ko kamu ɗaya bai cika ba,
zanko a karkace, ido ɗaya a kanne,
yana gyaran murya.
Manita kuwa yana bakin kasko, ya duƙufa kan dusa.
Na wurga takalmi, na kuskure,
sai da na aiki Ilu ya yi sallama ya karɓo.

Da aka gama yankan gero ciwo ya ratso unguwa.
Na jiƙa maɗaci, na daka barkono,
mai allura ya zo bayan an sha ruwa.
Farare suka soma gyangyaɗi kamar 'yan bayan aji.
Manita ya murɗe wuya yana duban sama,
ran Juma'a na haƙa masa rami a gindin zogale.
Tasalla ta ce, "Da ka sa masa wuƙa tun jiya."
Ban tanka ba.

Gajerun nan bakwai suna can bisa juji,
suna tono, suna tsintar gara, ko atishawa babu.
In shirwa ta yi shawagi
sun shige bayan turmi kafin inuwarta ta iso.

Yau tsakar gidana kamar zanen atamfa:
wuyan wannan, bayan waccan, gashin Fingi,
ƙafa dai ta gidan Barmo.
Akwai wata sagara mai jan ƙirji,
ina kyautata zaton Manita ya yi aikin yini ɗaya.
A gurbin sunan uba na daina wahalar da biro,
na rubuta "unguwa" tun daga sama har ƙasa.

Jiya na kama biyu na kai wa Barmo ladan uba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce durgun ai ba nasa ba ne,
shi ma daga gidan Nomau yake tsallako masa.
Amma ya karɓi kajin.

Da asuba na watsa tsaki, na buɗe rajista,
na kira suna ɗaya bayan ɗaya.
Kowa ya hallara,
har da wanda ba ya cikin littafi.